Shin Ya Kamata Ka Bar Karenka Ya Riƙa Jan Igiya In Kun Fita Motsa Jiki?

Duk wanda ya taɓa fita da kare mai ƙarfi ya san yadda abin yake. Ana buɗe ƙofa igiya ta miƙe tam, kare ya sa ƙirji gaba yana haki, mai shi na biye da hannu a miƙe. Wasu suna cewa a ƙyale shi, ai motsa jiki aka fito, jan ma aiki ne, zai gaji da wuri ya koma gida ya kwanta. Wasu kuma sun ce ko kusa kada a bari, wai karen da ke ja ya raina mai shi. Ni dai ban bi ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya ba. Akwai karnukan da don ja aka yi ta kiwonsu shekaru aru-aru. A shekarar 1925, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom na yankin Alaska a Amurka, karnuka kusan 150 ne suka yi ta karɓa-karɓa suna jan amalanken ƙanƙara, suka kai magani tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Irin waɗannan, kamar Haski na Saberiya da Malamut, ja a jininsu yake. Abin da ke cutarwa guda biyu ne: kare ya ja da wuyansa, da kuma ya zama shi ke zaɓar lokacin ja. Matsayina ke nan: tafiyar yau da kullum igiya ta kasance sako-sako, ja kuma ya zama wani aiki daban mai kayansa da kalmarsa.

Dalilin da ya sa yake ja

Kafin ka gyara abu, sai ka san tushensa. Mutum yana tafiya kusan kilomita 5 a awa, kare mai matsakaicin girma kuwa tafiyar da ta fi masa daɗi sassarfa ce, wadda ta fi taka sauri. Tun daga nan kun saɓa. Ga kuma hanci. Kare yana da ƙwayoyin jin ƙanshi sama da miliyan 200, mutum kuwa nasa ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Gindin bishiyar da ka wuce ba ka ga komai ba, shi a wurinsa labari ne cike da wanda ya wuce, da lokacin da ya wuce.

Amma babban dalili shi ne jan yana biya masa buƙata. Ya ja, ka bi shi, ya isa inda yake so. Gobe ma haka. A nasa lissafin, matsin da yake ji a wuya shi ne kuɗin da ake biya a ci gaba. Raini ko neman mulki ba su shigo ciki ba, mu ne muka koya masa ba tare da mun sani ba. Ƙari a kan haka, idan ka ja shi baya, jikinsa da kansa yake turjewa ya karkata gaba don kada ya faɗi, yadda kai ma za ka yi idan wani ya ja rigarka. Saboda haka ja-in-ja da kare ƙara masa ƙwarewa yake yi.

Abin da ja da wuya ke jawowa

A wuyan kare akwai maƙogwaro, da jijiyoyin jini masu kai wa ƙwaƙwalwa, da ƙashin wuya, duk a wuri ɗaya ƙarƙashin siririn abin wuya. Wani bincike da aka wallafa a 2006 daga Jami'ar Wiskonsin ta Amurka ya gano cewa matsin da ke cikin ido yana ƙaruwa idan kare ya ja da abin wuya, amma bai ƙaru haka ba idan da ɗamarar ƙirji ya ja. Ga karen da ke da hawan jinin ido ko aka yi wa aikin ido, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙananan karnuka irin su Ciwawa da Fomeraniyan suna yawan samun laushin bututun iska, har ya riƙa lotsewa, ka ji suna wani busasshen tari mai ƙara kamar kukan dinya. Masu gajeren hanci kamar Fug da Buldog da ma can numfashinsu da ƙyar yake fita, ina ga an ƙara shaƙe su.

Mai riƙe da igiya ma bai tsira ba. Masu bincike a Jami'ar Jons Hofkins sun duba bayanan asibitocin gaggawa na Amurka daga 2001 zuwa 2020, suka ƙiyasta cewa manya sama da 420,000 ne aka kai asibiti saboda raunin da suka samu wajen yawo da kare a igiya. Karayar yatsa, da bugun kai, da gurɗewar kafaɗa su ne kan gaba, kuma mata da waɗanda suka haura shekara 65 sun fi shiga haɗarin mummunan rauni. Duk lokacin da na ga dattijo ya nannaɗe igiya a yatsunsa yana biye da ƙaton kare, gabana faɗuwa yake yi, don fizga ɗaya ta isa.

Mataki na farko: duba karenka da kanka

Ba kowane kare ya dace a bari ya ja ba, ko da kuwa da kayan da suka dace. Kwikwiyon da ƙashinsa bai gama ƙwari ba, kada a sa shi jan nauyi. A manyan karnuka wuraren da ƙashi ke tsawo ba sa rufewa sai wajen wata 12 zuwa 18, wasu ma su ɗan wuce haka. Tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, da mai matsalar ƙugu ko ta zuciya, da mai ƙiba sosai, da masu gajeren hanci, duk tafiya mai sauƙi ta fi musu. Karen da ke zabura idan ya ga wani kare ko babur, shi ma a fara gyara wannan halin tukuna. Idan kana da shakka, likitan dabbobi ya duba ƙafafunsa da zuciyarsa kafin ka fara.

Kai ma ka auna kanka. Idan karen ya fizga da dukkan ƙarfinsa, za ka iya tsayawa? Idan amsar a'a ce, maganar barin sa ya ja ba ta taso ba. Yaro kuwa kada a ba shi igiyar karen da ya fi ƙarfinsa.

Mataki na biyu: kaya

Ka samu igiya mai tsawon mita 1.5 zuwa 2, marar miƙewa, mai kaurin da ba zai yanki hannu ba. Igiyar nan mai naɗe kanta cikin akwatin roba, irin ta Flexi, ajiye ta a lokacin horo. Yadda aka yi ta, kullum akwai ɗan ja a jikinta, kuma duk lokacin da kare ya ƙara ja sai ta ƙara tsawo, wato tana koya masa ainihin abin da kake son ya bari. Siririn zarenta kuma yana ƙona fata ko ya yanki yatsa.

Sai ɗamarar ƙirji. Wadda ta fi ita ce wadda ke haɗuwa a tsakiyar ƙirji ta rabu biyu ta bi gefen wuya, ta bar allon kafaɗa yana motsi. Mai madauri ɗaya a gicciye bisa kafaɗu tana takura taku. Yatsunka biyu su iya shiga tsakaninta da jikinsa, kuma kada ta riƙa goge masa hammata. Idan tana da zobe biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a baya, ka yi sa'a, domin na ƙirji yana juyo da kare gefe idan ya ja, sai ƙarfin jan ya ragu. Ga kare mai ƙarfin gaske akwai ragama wadda ake sa masa a kai kamar ta doki. Tana aiki, amma sai an saba masa da ita a hankali kwana da kwanaki, kuma ba a taɓa fizgar ta, don tana iya murɗe wuya.

Sarƙar shaƙewa, da abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe, da mai jan lantarki, ban ba da shawararsu ba. Suna iya tsayar da ja nan take, amma da zafi suke yi, kuma kare yakan haɗa zafin da abin da yake kallo a lokacin. Ya hango wani kare, ya ja, ya ji zafi, a hankali ganin kare ya zama abin ƙi a wurinsa. Yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuya mai lantarki tun 2010, kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa horo da lada shi ya kamata a bi.

Riƙon igiya: sa babban yatsa cikin madaukin, ka dunƙule hannu a kanta, ɗayan hannun ya riƙe tsakiya, gwiwar hannu kusa da jiki. Kada ka nannaɗe ta a yatsu ko a wuyan hannu.

Mataki na uku: koya masa tafiya da igiya sako-sako

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin mutane ke sarewa.

Fara a cikin gida ko tsakar gida, inda babu abin ɗauke hankali. Tanadi abin da yake matuƙar so na ci, a yayyanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Cire shi daga abincinsa na ranar, kada lada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci, don kada ƙiba ta shigo. Zaɓi kalma ɗaya gajera da za ta nuna masa ya yi daidai, misali "yauwa". Zaɓi gefen da zai riƙa bi, hagu ko dama, ka tsaya a kansa. Ka yi taku ɗaya, idan yana gefenka igiya na lilo, ka ce "yauwa" ka ba shi lada a daidai cinyarka. Wurin da ka miƙa ladar yana da muhimmanci, domin inda abinci ke fitowa nan kare ke son tsayawa. Idan ka riƙa miƙa masa a gabanka, zai riƙa shan gabanka. Lokaci ma haka, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, in ba haka ba ba zai san abin da aka saka masa a kai ba.

Daga taku ɗaya ka koma biyu, uku, biyar, goma. Minti biyar sau biyu ko uku a rana ya fi awa guda a tashi ɗaya. Idan ya kama, sai ka sa wa tafiyar suna, kamar "mu je".

Daga nan ku fita ƙofar gida, a lokacin da hanya ba ta da mutane. Ka sa rai zai koma kamar bai taɓa koyon komai ba. Haka karnuka suke, abin da suka koya a wuri ɗaya sai an sake musu shi a wani wurin. Ka ƙara yawan lada ka rage tsammani.

Ƙa'idar kuwa ɗaya ce: igiya ta miƙe, tafiya ta tsaya. Da zarar ka ji ta ɗaure, ka tsaya cak kamar an dasa ka. Ba fizga, ba tsawa. Ka jira. Zai ja, zai yi ƙara, daga baya zai waiwayo ko ya ja da baya taku ɗaya. Igiya na sassautawa ka ce "yauwa" ku ci gaba. Cigaban tafiyar shi kansa lada ne. Akwai wani tarko a nan da ya kamata ka lura da shi. Wasu karnuka masu wayo suna gane cewa idan suka ja suka dawo za a ba su abinci, sai su mayar da abin sana'a. Maganinsa, bayan ya dawo ku yi taku uku ko huɗu tare kafin ka ba shi na baki.

Idan tsayawa ba ta yi masa ba, juya. Ka kira sunansa sau ɗaya ka nufi inda kuka fito, idan ya iso gefenka ka saka masa. Idan kuma wani abu ne takamaimai yake ja don ya isa, bishiya ko mutumin da ya sani, ka ja da baya taku biyar ku sake tunkarar wurin. Duk lokacin da ya ja, ku koma baya. Idan ya tafi a natse, ya isa. Karo na biyar ko na shida za ka ga ya fara riƙe kansa, kuma wannan ganin yana da daɗi ƙwarai.

Abin da ke rusa wannan aikin duka shi ne yau a hana gobe a bari. Masana halayyar dabbobi sun daɗe da sanin cewa halin da ake sakawa jefi-jefi ya fi wuyar gushewa a kan wanda ake sakawa kullum. Karen da ja ke yi masa aiki sau ɗaya cikin biyar zai ci gaba da gwadawa, har ya ƙara ƙarfi. Saboda haka duk mai fita da shi a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya. Ranar da kake sauri ba ka da lokacin tsaye-tsaye, gara ku yi wasa a tsakar gida ko ku yi gajeriyar fita da ka bari ya ja ka tsawon hanya.

Makonnin farko ba za ku yi nisa ba, wataƙila minti ashirin ku kasa wuce mita ɗari biyu. Don haka kada ka dogara da wannan fitar a matsayin motsa jikinsa. Kafin ku fita, ka jefa masa ƙwallo na minti goma ya rage zumuɗi. Kwikwiyo yakan kama cikin 'yan makonni, babban karen da ya shekara uku yana ja kuwa zai iya ɗaukar watanni.

Mataki na huɗu: ba shi haƙƙin hancinsa

Karen da ba a taɓa bari ya sansana komai ba dole ya ja. Ka ware kalma, kamar "je ka", wadda ke nufin yanzu lokacinsa ne. Ya yi tafiya mai kyau taku talatin, ka ce "je ka", ka bi shi zuwa ciyawar da yake so, igiya na sako-sako, ka bar shi ya gama. A fili mai faɗi inda doka ta yarda, doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10 a zoben baya tana ba shi damar sassarfa da kewaye ba tare da ya ja ka ba. Na lura rabin awa na irin wannan yawo yana kwantar da kare fiye da awa guda na ja da haki.

Mataki na biyar: idan kana son ya ja da gangan

Ga lafiyayyen babban kare mai ƙarfi da kuzari, ja wasa ne mai kyau. A Turai masu karnukan jan amalanken ƙanƙara suka fara gudu da su a ƙasa lokacin da babu ƙanƙara don kada ƙarfinsu ya ragu, abin ya zama wasa mai zaman kansa da ake kira kanikuros. Kare na gaba, mutum na gudu a baya.

Kayansa daban ne, kuma bambancin shi ne sirrin. Ɗamarar ja tana da laushi a ƙirji, zobenta yana can baya wajen ƙugu ko tsakiyar baya, yadda nauyin zai bazu a ƙirji ya bar maƙogwaro. Igiyar tana da roba mai miƙewa, kusan mita 2, don ta shanye fizga. Kai kuma ka ɗaura bel mai faɗi a ƙugu, ƙasa da tsakiyar baya, hannuwanka a sake. Kare yana saurin gane bambancin kaya. Idan aka sa masa wannan ɗamarar aka ce "ja", ya san an ba shi dama. Idan aka sa masa ɗamarar yau da kullum aka ce "mu je", ya san tafiya ce a natse. Kada ka taɓa haɗa su, kuma kada ka fara wannan sai tafiyar sako-sako ta zauna.

Kalmomin tuƙi a tafiya ake koyar da su kafin gudu: "dama", "hagu", "sannu", "tsaya", da "wuce" idan ya so ya tsaya wajen wani abu. Duk kwanar da za ku sha ka faɗi sunanta, kwana kaɗan zai haɗa. "Tsaya" ta fi kowace muhimmanci, kada ka ɗaura kare a ƙugunka alhali bai san ta ba. Don ya fara ja, wani ya tsaya a gaba ya kira shi, kai kuma ka ce "ja" daidai lokacin da igiya ta miƙe, ka bi shi da gudu kana yaba masa. Fara da mita 200 zuwa 500, sau biyu ko uku a mako, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Ka tsayar da wasan tun yana so, kafin ya gaji. Hanyar ƙasa ko ciyawa ta fi kwalta sauƙi ga tafin ƙafarsa da gaɓoɓinsa, kuma a gangara ka sa shi ya rage gudu ko ya dawo gefenka, don nan ake faɗuwa.

Zafi shi ne babban haɗari. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya haura 41 rayuwarsa na cikin haɗari, kuma karen da ke jin daɗin ja ba zai tsaya da kansa ba. Ku fita da sassafe ko bayan rana ta faɗi. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta na daƙiƙa biyar, idan ba ka iya jurewa ba shi ma ba zai iya ba. Ɗauki ruwa. Kada ku yi gudu sai awa biyu bayan ya ci abinci, musamman manya masu zurfin ƙirji, saboda murɗewar ciki. Idan ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, miyau ya yi kauri, ko yana tangaɗi, ka tsaya nan take, ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, sannan ka nufi likita.

Bayan kowace fita ka cire ɗamarar ka shafa ƙirji da hammata ka duba ko ta goge fata, ka ɗaga ƙafafu huɗu ka duba tafin da tsakanin yatsu. Idan washegari ya tashi yana ɗingishi ko yana jinkirin miƙewa, ka ba shi hutun kwana biyu, ranar da za ku koma ka rage nisan da rabi. Idan ɗingishin ya wuce kwana biyu, ko ya fara tari bayan fita, likita ya gan shi kafin ku sake.